Iyo Da Numfashi

Kusan duk yaron da ya tashi a Bunguɗu yana ganin ya iya ruwa, domin gulbin Sakkwato ta gefen garinmu yake wucewa bayan ya baro Gusau. Amma iyon da yawancinmu muka sani shi ne iyon kare: kai a sama, hannu da ƙafa suna ta facal-facal, kafin a je ko'ina haki ya kama mutum. Ba ƙarfi ne ke ƙare wa yaro a tsakiyar ruwa ba, numfashi ne ke tsinke masa, daga nan sai tsoro, sai shan ruwa.

A zangon da ya wuce malaminmu na wasanni ya koya mana wani iyo da Turawa ke kira rarrafe. Mutum zai kwanta rub-da-ciki ya miƙe samɓal, hannuwa suna karɓa-karɓa, ƙafafu suna ɗan bugun ruwa tun daga ƙugu. Da irinsa ne wani Ba'amurke, Johnny Weissmuller, ya fara cinye mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya a shekarar 1922.

To, makarantarmu ba ta da wurin iyo. Sai Malam ya ce kowa ya ɗauko daron wankinsa ya cika shi da ruwa. Ranar mun sha dariya wurin 'yan aji biyar! Aikin kuwa shi ne ka tsoma fuska, ka riƙa fitar da iska ta hanci a hankali har ruwa ya yi ɓul-ɓul, sa'an nan ka juya kai gefe, ka shaƙa ta baki, ka mai da fuska. Sau ashirin ba tsayawa.

Malam ya ce zafin da muke ji a ƙirji idan mun riƙe numfashi, gurɓatacciyar iska ce da jiki ya gama aiki da ita take taruwa. Wanda ya riƙe ta har ya fito da baki, aiki biyu ke jiransa cikin ƙiftawar ido, ga fitarwa ga shaƙa, kuma lokacin ba ya isa. Wanda ya zubar da ita cikin ruwa kuwa, shaƙa kaɗai ta rage masa. Wani abokina ɗan Tsafe, wanda ya fi sanin hawan dutse da shiga gulbi, shi ya riga mu duka ƙwarewa. A ganina don ba shi da tsohuwar ɗabi'ar da zai yi kokawa da ita ne.

Abin da ya fi wuya shi ne haɗa numfashin da hannu. Kan mutum ya kai wajen kilo 5. Da ka ɗaga shi sama, ƙafafu sun nitse, kamar dai sikelin mai awo. Saboda haka ba a ɗaga kai, mirgina shi ake yi tare da jiki, kunne ɗaya da kunci ɗaya suna cikin ruwa. Lokacin da hannun dama ya gama tura ruwa ya kai cinya zai fito, a nan jiki ke karkata dama, baki ya leƙo, a shaƙa. Kafin hannun ya sake faɗawa gaba, fuska ta koma. Ni ƙidaya nake yi a zuci: ɗaya, biyu, shaƙa. Yin haka a hannu na uku yana sa ka shaƙa dama yanzu, hagu an jima, ka ga gaɓa biyu, kuma in igiyar ruwa tana dukanka ta gefe ɗaya sai ka koma ɗayan.

Da hutu na roƙi kawuna, wanda masunci ne, ya raka ni gulbi inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Da na ba shi labarin daro ya yi ta dariya, ya ce, "Ɗan nan, yau kuma boko ya shiga ruwa?" Duk da haka ya tsaya kusa riƙe da gora, yana duban ƙafafuna. In sun fara nitsewa sai ya ce, "Kanka!" Kwana shida muka yi kafin ƙidayar ta zauna mini ba tare da na tuna da ita ba.

Iyayenmu, na san abin da ke sa ku hana mu gulbi. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa asibiti ya kamata a kai shi. Akwai kuma damina, lokacin da ko gwani ba ya wasa da gulbi in ya kawo. Sai dai hani bai taɓa raba yaran Bunguɗu da ruwa ba, a ɓoye suke zuwa, su kaɗai. Roƙona a haɗa mu da babba da rani, a wuri marar zurfi, a fara da daro a tsakar gida. Ƙanena mai shekara tara ya riga ya kai sau goma sha biyu.