Zauren Masu Neman Taimako a Kusa da Ƙofar Mata

Duk wanda ya san tsohon gidan Bahaushe ya san zaure. Nan baƙo yake yin sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, kafin a ji abin da ke tafe da shi. Ofisoshin ƙungiyoyin taimakon al'umma ma suna da nasu zauren, wato teburin karɓar baƙi da ke bakin ƙofa. A irin wannan teburin mu huɗu, ɗaliban Jami'ar Bayero, muka yi aikin sa kai a dogon hutun da ya wuce, a ofishin wata ƙungiyar unguwa da ke kusa da Ƙofar Mata a birnin Kano.

Kullum da safe mukan haɗu a bakin tsohuwar jami'a mu hau adaidaita sahu. Hanya takan bi da mu ta gefen ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya soma ginawa fiye da shekara 800 da suka wuce. Mu shiga ta Ƙofar Ɗan'agundi, mu wuce Gidan Makama da fadar Sarki, gidan da Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15, sannan babban masallacin Juma'a. Da mun doshi Asibitin Murtala sai hanya ta cunkushe da masu zuwa dubiya riƙe da kulolin abinci, ga masu ayaba da lemo, ga shagunan magani a jere. Gaba kaɗan marinar Ƙofar Mata take, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, kuma har yau marina na tsoma yadi a ramukan baba.

Ofishin namu yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Ɗaki biyu ne da rumfar kwano, benci uku, randar ruwa da moɗa, sai teburinmu da babban littafin rajista da wayar ofis. Saboda kusanci da asibiti, yawancin masu zuwa takardar magani ce a hannunsu. Akwai kuma matan da mazajensu suka rasu, da masu riƙon marayu da ke neman kuɗin jarrabawar NECO ko WAEC. Wasu yaran da ake nema wa kuɗin sa'o'inku ne, 'yan aji shida na sakandare.

Aikin bai da wuyar faɗa. Mu gaida mutum, mu rubuta sunansa da unguwarsa da buƙatarsa, mu ba shi lamba, idan layi ya zo kansa mu shigar da shi wurin sakatare. Ba mu ke yanke hukunci ba. Kwamiti ne yake zama ranar Asabar, bayan an tuntuɓi mai unguwa ko limamin inda mutumin ya fito. Masu kawo gudummawa ma ta wurinmu suke bi, kuma tambayar farko da muke yi musu ita ce: zakka ce ko sadaka? Dalili shi ne zakkar kuɗi, wato kashi ɗaya cikin 40 na dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara, tana da rukuni takwas na waɗanda ake bai wa, kamar yadda aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Don haka littafinta daban ne, ba a gyara rufin ofis da ita.

Sakataren dattijo ne, tsohon malamin firamare, Baba muke ce masa. Ranar farko ya kafa mana sharuɗɗa uku. Kada mu ɗaga murya wajen tambayar mutum matsalarsa, domin na kan benci suna ji, kuma ƙila maƙwabtansa ne. Kada mu yi alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba. Kada kuma mu ɗauki hoton kowa, balle mu sa a Facebook ko TikTok don a yaba mana. Wannan na ukun har doka ta shafe shi, domin a 2023 Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta hana yaɗa bayanin wani haka kawai ba da yardarsa ba.

Sannu a hankali muka gane cewa ba kowane mabuƙaci ake ganewa da ido ba. Wata Laraba wani dattijo ya zo da babbar riga fara sol, ya zauna a ƙarshen benci. Duk wanda ya zo bayansa sai ya ce a fara da shi. Sai da rumfa ta watse ɗayanmu ya je ya durƙusa.

"Baba, barkanku da rana. Ko da abin da za mu yi muku?"

"A'a ɗana, gaisuwa kawai na zo yi."

Muka kawo masa ruwa, muka bar shi ya huta. Can sai ya zaro takardar maganin ciwon suga daga aljihu, ya ajiye ta a kife a kan teburi. Da a ce tun shigowarsa aka ɗaga murya aka ce, "Baba me ake nema?", da gaisuwar zai yi ya tafi da takardarsa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Abu mafi nauyi shi ne ranar da asusu ya ƙare. Mutum ya biya kuɗin mota tun daga Kurna ko Rijiyar Lemo, ga shi babu abin da za a ba shi. Baba ya hana mu cewa "a dawo gobe" idan mun san goben ma babu, domin wani kuɗin motar za mu sa shi ya ƙara kashewa. Sai mu faɗi gaskiya cikin ladabi, mu karɓi lambar waya, mu kuma nuna masa wata ƙofar, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano. Wanda kuwa ya zo da mara lafiya jiki ya yi tsanani, ba a zaunar da shi a benci ana rubutu, sashen gaggawa na asibiti ake raka shi nan take.

Ƙannenmu 'yan sakandare, wannan aiki ba ya buƙatar digiri. Rubutu mai kyau, haƙuri da riƙon sirri sun isa. Idan kuna sha'awa, ku fara neman izinin iyaye, ku zaɓi ƙungiyar da mai unguwarku ya sani, wadda kuma take da rajista da hukumar CAC. Ku tafi ku biyu ko uku, da rana, a lokacin hutu. Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Disamba a matsayin ranar masu aikin sa kai. Kafin ranar ta zagayo, ku leƙa ofishin ƙungiyar unguwarku ku tambaya ko akwai mai zama a bakin ƙofa.