Kafin Kat-kat Ta Shiga Tenere

Mu mutanen Agadas ba ma yar da tsohuwar Land Cruiser. Idan injinta ya gaji, mukan sauke shi a sabunta cikinsa, sa'an nan mu rataye shi da sarƙa, mu sassauto da shi sannu a hankali har ya zauna daidai da akwatin giya. Injin 1HZ ne mai silinda 6, ba ruwansa da kwamfuta. Ko ya tashi, ba ma gaggawar kai shi hamada. Sai ya yi kwanaki yana zagaya gari, mun juye baƙin man farko, mun sake bin kowane noti. Rijiyoyi kaɗan ne tsakaninmu da Bilma, kuma noti guda da aka raina yana iya zama ajalin matafiya.