Bikin Da Bai Cika Wata Biyar Ba

'Yar uwa, na san za ki ce ina ruwan uwargida da wasan Turawa na kan ƙanƙara. Ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni, don labarin nan na Amurka ne, amma duk macen da ta taɓa riƙe kuɗin cefane za ta gane inda ya dosa.

Shi wannan wasa hoki ake ce masa. Ana yin sa ne a kan daskararriyar ƙanƙara, mutum shida kowane ɓangare, da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, suna sulɓi suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna. Wasan mutanen ƙasashen sanyi ne, musamman Kanada. To amma a 1972 sai ga babbar ƙungiya an kafa a birnin Atlanta, jihar Jojiya, can kudancin Amurka inda ake zafi. Shekara na zagayowa, a 1973, wani garin jihar mai suna Makon shi ma ya samu tasa ƙaramar ƙungiyar, Macon Whoopees, cikin wata sabuwar gasa ta ƙananan ƙungiyoyin kudu.

Sunan nan shi ya fi ɗaukar hankalina. An aro shi ne daga wata tsohuwar waƙa ta 1928 mai suna Makin' Whoopee, saboda a bakin Bature kalmar farko ta yi kama da sunan garin. Jama'a suka yi ta dariya, suna ya yi farin jini. Abin mamaki, waƙar kanta gargaɗi ce a kan aure. Tana ba da labarin ango da amarya ana ta shagalin biki, kafin a jima ga wanke-wanke ga hidimar jariri, ƙarshe sai gaban alƙali, kuɗi kuwa ba su isa ba. Hausawa suka ce suna linzami ne.

Ki duba hidimar da suka ɗauko. A garin da dusar ƙanƙara ba ta cika sauka ba, sai da inji ake daskarar da filin wasa, inji kuwa kuɗi yake ci. Ga hayar zauren wasa, ga kuɗin tafiye-tafiye, ga albashin 'yan wasa waɗanda akasarinsu daga Kanada aka ɗauko su. Ita kuwa ƙaramar ƙungiya abincinta na hannun 'yan kallo, in ba su sayi tikiti ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Mutanen Makon ba su tashi da wasan ba, kuɗin da ke shigowa bai kai wanda ke fita ba.

A watan Janairu na 1974 abin ya fito fili. 'Yan wasa suka ƙi fita wasan da za su yi da ƙungiyar garin Shalot saboda ba a biya su ba, aka rubuta musu faɗuwa ba tare da an buga ba. A watan Fabrairu aka rufe ƙungiyar baki ɗaya, ta yi wasa 62, ta ci 22 kacal, ko ƙarshen kakar ba ta gani ba. Ita ma gasar tasu a 1977 ta ruguje.

Ni dai waɗannan samari nake tausaya wa. Mutum ya baro garinsu ya yi doguwar tafiya a kan alkawari, ya wayi gari ba albashi ba aiki, ga kuɗin haya na jiransa. Wanda ya tsara shagalin daban, wanda ya kwana da yunwa daban.

Sai da aka yi shekara 22 kafin sunan ya dawo Makon, a 1996, wannan karon sunan ya kai har 2002. Kin ga ashe sunan ba shi da laifi, abin riƙe shi ne babu a karon farko.

Shi ya sa in na ga ana cin bashi don ranar biki ta yi armashi, Whoopees nake tunawa. Ke budurwa mai shirin aure, kafin ki tambayi kala nawa za a sa a lefe, ki tambayi abin da za a ci a wata na biyar. Ke kuma uwargida mai son fara sana'a, ki lissafa kuɗin riƙe ta kafin kuɗin buɗe ta. Daidai ruwa daidai tsaki, 'yar uwa.