Kafanchan, Garin Da Ba A Tashi Sai An Ba Da Hannu

Duk baƙon da ya sauka Kafanchan, a ƙasar Jama'a da ke kudancin Jihar Kaduna, abin da zai fara cin karo da shi shi ne layin dogo, domin Reluwe ce ta raya garin. A nan ne hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal, ta biyo ta Inugu da Makurɗi, ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan kuwa ya hau tudu ya isa Jos a 1927, daga bisani aka ja shi har Maiduguri a 1964. Saboda albarkar tashar ne fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin a 1933.

To, da yake layin ƙwaya ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, babu laifin da ya kai direba ya tashi kafin a sallame shi. Alamarsa wani hannun ƙarfe ne bisa dogon turke. In yana miƙe, tsayawa ke nan. In ya karkata, hanya ta buɗe. Da dare kuma fitila ce, ja ko tsanwa. A mahaɗa irin wannan alamun suna da yawa, sai direba ya san tasa, ya kau da kai daga ta maƙwabcinsa.

Masu tseren mota a Amurka, inda motoci biyu ke kara gudun mita 402, su ma sun san wannan. Fitilu ake jera musu a turke, wanda duk ya zabura kafin tsanwa ta kama, ja ce za ta kama masa, ya faɗi nan take. Don haka akan sa marfi a kare fitilun abokin karawa, kada ido ya yaudari ƙafa. Sai dai su kofi kawai ke kuɓuce musu, direban jirgi kuwa rayukan jama'a ne a bayansa.

Yau zirga-zirgar jirage ta ja baya ƙwarai, motoci sun karɓe dakon citta da doya. Amma daga gindin Dutsen Kagoro har bakin kasuwa, tsofaffin ma'aikatan Reluwe ba su daina faɗa wa matasan direbobi cewa sauri ya haifi nawa ba.