Tabarmar Mutanen Tonga

Tonga tsibirai ne wajen 170 a tsakiyar tekun Fasifik, babban birninsu Nuku'alofa. Mutanen ƙasar ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba, watau wani garin namu ma ya fi su yawa. Amma suna da sarkinsu tun fil azal. Sarki Tupou na Ɗaya ya yi musu tsarin mulki a 1875, a ciki kuwa ya haramta sayar da ƙasa. Ko da suka shiga ƙarƙashin kariyar Ingila, daga 1900 zuwa 1970, sarautarsu ba ta kau ba.

Da yawa ba su taɓa jin sunan ƙasar ba sai a 1953, ran naɗin Sarauniyar Ingila. Aka yi ta tsuga ruwa, Sarauniyar Tonga, Salote, ta ƙi a rufe keken dokinta, don girmamawa.

Girmamawan nan ita ce ginshiƙin zamansu, har a jiki a ke ganinta. In mutum zai tafi fada, ko coci, ko jana'iza, sai ya ɗaura wata tabarma a gindi bisa tufafinsa, sunanta ta'ovala. Mata kuwa su kan ɓare ɓawon wani itace, su yi ta bugu har ya yi faɗi, su liƙa shi, su yi masa zane. Wannan shi ne ngatu, ba a aure ko biso ba tare da shi ba. Goggo, ƙanwar uba ko yayarsa, ita a kan ba mafi kyau, don ita ce babba a dangi.

To, ƙasar da ba a sayarwa ai ba ta ƙaruwa. Gonaki suka kasa, samari suka yi ta ƙaura zuwa Niyu Zilan da Ostareliya da Amurka, suna aiko kuɗi gida. Can kuwa itacen ya yi wuya, sai matansu suka koma yin ngatu da yadin kanti, suna taruwa suna zana shi kamar na gida. Waɗansu suna cewa wannan jabu ne. Lalle ba daidai ya ke da na ɓawo ba, amma yarinyar da ta zauna cikin matan nan ta koyi zanen, ta ji harshen iyayenta, ta kuma san wa a ke fara miƙa wa. Abin tsoro shi ne yaran da ke ɗaura tabarma ran biki, kakarsu ta gaishe su da harshen Tonga, su amsa da Turanci.