Baƙon Gandun Griffith

A ƙasashen Amurka akwai wani naman daji da Hausa ba ta raɗa wa suna ba, domin Bahaushe bai taɓa gamuwa da shi a dawa ba. Mutanen can suna kiransa fuma, wasu kuma su ce zakin dutse. Wannan suna na biyu yana iya ruɗin mai karatu, gama dabbar ba ta da geza, ba ta ruri, ba ta kuma yawo cikin garke. A ɗabi'a ta fi kusa da damisa, watau mai zaman kaɗaici ce, mai tafiyar dare, mai ƙin a gan ta. Kirarin nan na damisa, ƙi sabo, ya dace da ita ƙwarai. To, ga shi kuwa an sami ɗaya daga cikin irin waɗannan maƙiya sabo ya shekara goma a tsakiyar birnin Los Anjeles, cikin Jihar Kalifoniya.

A watan Fabrairu na 2012 ne wata kyamara da masana suka ɗaura a Gandun Griffith ta ɗauki hotonsa. Shi wannan gandu tuddai ne da kurmi, amma gidaje da manyan tituna sun kewaye shi ta kowace fuska, kuma a jikin ɗaya daga cikin tuddansa ne aka kafa manyan haruffan nan na sunan Holiwud. Bayan wata guda ma'aikatan Hukumar Gandayen Ƙasa suka kama shi, suka sanya masa abin wuya mai nuna inda yake, suka sake shi. Suna kuwa suka ba shi irin na littafin lissafi, P-22, ma'ana fuma na 22 a binciken da suka fara tun 2002. Da aka duba jininsa sai aka ga ɗan tsaunukan Santa Monika ne, can yamma. Kafin ya iso gandun, lalle ne ya ƙetare manyan tituna biyu, na 405 da na 101, waɗanda motoci ba sa ɗaukewa a kansu dare da rana, waɗanda kuma suka halaka 'yan'uwansa da dama.

Abin da ya fito da shi daga gida sananne ne ga masu nazarin irinsa. Saurayin fuma ba ya zama a ƙasar babban namiji, ko da ubansa ne, domin babban yana iya kashe shi. Dole ya fita neman tasa ƙasar da matar aure. P-22 ya sami ƙasar, amma 'yar mitsitsiya, wajen murabba'in mil 9, alhali namiji irinsa yakan mallaki kamar 150. Abinci bai gagare shi ba, da yake akwai wata irin barewa da yawa a gandun. Mace ce dai babu. Hanyar da ya bi ya shigo ta zame masa ƙofar rago, shiga da wuya, fita ta fi wuya, har ya tsufa bai ga macen jinsinsa ba.

A 2013 mujallar National Geographic ta buga hoton da Steve Winter ya ɗauka, inda aka gan shi yana tafe da dare, haruffan Holiwud suna bayansa. Daga nan ya zama ɗan gari. Aka zana shi a bangaye, aka buga shi a riguna, aka ware masa ranar biki. Mutanen birnin 'yan fim suka ga kansu a jikinsa, suna raha wai shi ma gwauro ne da cunkoson motoci ya hana neman aure. Rahar tana da daɗi, sai dai ta rufe wani abu. Abin da su ke gani a matsayin jarunta, a wurinsa ɗauri ne. Haka kuma, a daidai lokacin da ake yabonsa, gubar da maƙwabtan nasa ke zuba wa ɓeraye tana hawa zuwa jikinsa, domin ɓera ya ci guba, ƙananan namun daji su ci ɓera, shi kuma ya ci su. Irin wannan guba tana hana jini daskarewa, tana raunana jiki. A 2014 aka kama shi fuska duk ƙazuwa, aka yi masa magani, ya warke. Sai a 2020 Kalifoniya ta yi dokar taƙaita amfani da mafi muni daga cikin waɗannan gubobi.

Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa mutanen birnin sun nuna haƙurin da ba a cika samu ba. A 2015 aka iske shi kwance a ƙarƙashin wani gida a unguwar Los Feliz. 'Yan jarida suka taru, ma'aikata suka yi ta jifarsa da ƙwallon tanis don ya fito, ya yi biris da su, sai da kowa ya watse ya sulale abinsa. A 2016 aka wayi gari an kashe wata kowala, 'yar dabbar nan ta Ostireliya, a gidan namun dajin da ke cikin gandun, kuma kyamara ta nuna shi a harabar a wannan dare. Masu gidan ba su nemi a harbe shi ba, sai suka koma rufe ƙananan dabbobinsu da dare. Tun 1990 dai masu zaɓe a jihar suka haramta farautar fuma don nishaɗi. Amma kada a manta, mai haƙurin nan ba da akuya yake ci da iyalinsa ba. Makiyayin da ke bayan tsauni, wanda ke ƙirga asararsa da safe, hukuncinsa daban ne, kuma ba a ce ya fi ɗan birni mugunta ba.

Ranar gwajin haƙurin ta zo a ƙarshen 2022. A watan Nuwamba P-22 ya fauce wani ɗan ƙaramin kare daga hannun mai yawo da shi, igiya a wuya, a tuddan Holiwud. Abin da bai saba yi ba ke nan, watau tunkarar inda mutum yake tsaye. Aka riƙa ganinsa cikin unguwanni fiye da da. Masana suka gane yunwa da tsufa ne suka koro shi, domin mai iya kayar da barewa ba ya neman karen gida. Ranar 12 ga Disamba aka harbe shi da allurar barci a bayan wani gida a Los Feliz. Likitoci suka tarar da karaya a ƙoƙon kansa da rauni a cikinsa, alamar mota ta buge shi, ga ciwon ƙoda, ga rama, ga cutar fata. Ranar 17 ga wata aka yi masa allurar da ta ƙarasa shi, yana da kimanin shekara 12. A duk zamansa bai kashe mutum ko ɗaya ba.

Matsalar da ya bari ta fi shi girma. 'Yan'uwansa na tsaunukan Santa Monika titi ya tsare su ta arewa da gabas, teku ta kudu, don haka auren gida ya yi musu yawa, har aka fara ganin masu lanƙwasasshiyar wutsiya, alamar jini ya raunana. Saboda haka ne a watan Afrilu na 2022, tun yana da rai, aka aza harsashin wata gada mai faɗi a kan titin 101, wajen Agoura Hills, don a lulluɓe ta da ƙasa da tsirrai, namun daji su riƙa ƙetare layi goma na motoci. Sunansa da hotonsa ne suka jawo kaso mai tsoka na gudummawar. Gadar tana can yamma nesa da Gandun Griffith, ko da ya rayu ba za ta amfane shi ba.

A watan Fabrairu na 2023 dubban mutane suka taru a dandalin wasanni na cikin gandun don tunawa da shi. Masana sun so su ajiye wasu sassan jikinsa don bincike, amma dattawan ƙabilun asalin wurin, irin su Chumash da Tongva, suka ce ɗan'uwa ne, a mayar da shi ƙasa. Bayan tattaunawa, a watan Maris aka binne shi a tsaunukan Santa Monika, a wani wurin da ba a bayyana wa kowa ba.