Sawakin, Garin Masu Tafiya da Iska

Mutumin Kucheri ko Tsafe ya san iskar da take riga ruwan fari zuwa, wadda takan yaye jinka ta karya reshe. To, akwai waɗanda da irin wannan iska suke cin abinci. Bari mu ziyarce su a Sawakin, wani tsohon gari a ƙasar Sudan, a bakin Bahar Maliya.

Tsohon garin yana kan ɗan tsibiri, an gina gidajensa da duwatsun murjani na cikin teku. Tun da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 ciniki ya koma can, gidajen suka yi ta rushewa. Amma Hausawa da yawa sun san sunan garin, gama a dā daga nan alhazan ƙasarmu masu tafiyar ƙasa sukan haye zuwa Jidda, nisan kamar mil 200. Waɗansu suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau.

Jirgin da talakawa sukan shiga a dā sunansa sambuk. Na katako ne, ba inji, sai filafili, wato babban zane da aka ɗaura wa doguwar sanda, aka ɗaga bisa jigo. Iska ta cika shi, jirgi ya tafi.

Amma abin da yake tura jirgi shi ne kuma yakan kifar da shi. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take danna filafili yakan ninka sau huɗu. Sai jirgi ya karkata, ruwa ya fara shiga, ko jigon ya karye. Dole a rage zanen. Masu sambuk sukan sauke sandar, su kwance babban filafili su ɗaura ƙarami. Aiki ne mai wuya, sai hannu da yawa.

Jiragen zamani kuwa akan sassauta igiya, filafili ya ɗan sauko, a naɗe gindinsa a ɗaure, sa'an nan a ja sauran ya miƙe sosai. Filafili mai tumbi yakan kama iska da yawa, ya dace da ranar da take kaɗawa a hankali. Shimfiɗaɗɗe shi ne na ranar hadiri, gama yakan bar iska ta zame ta wuce. Abin mamaki, jirgin da aka rage masa zane sau da yawa ba ya rasa gudu, ya kuma fi jin linzami.

Mai karanta Ayyukan Manzanni sura 27 zai ga yadda iska ta fi ƙarfin jirgin da Bulus ya shiga. Matuƙa sun san haka, shi ya sa ba sa jira. Da sun ga sama ta sāke sai su rage, gama in iska ta riga ta taso, mai jan igiya ma yana iya faɗawa cikin teku. Da sanyin safiya akan kama fara.